Tsinkaye a Matsayin Sana'a: Madugan Hanyar Gwanja da Zuwan Jirgin Ƙasa Minna

1.0 Gabatarwa

A cikin maganar yau da kullum, Bahaushe yakan ce "jikina ya ba ni" ko "raina bai kwanta ba" a lokacin da ya yanke shawara kan wani al'amari, alhali kuwa in aka titsiye shi ba zai iya zayyana hujjarsa dalla-dalla ba. Wasu sukan ɗauki wannan a matsayin baiwa wadda ba a koyon ta, wasu kuma sukan jefa shi cikin kwandon camfi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna, ta hanyar waiwayen tarihi, cewa a wajen wani rukuni na Hausawa, wato madugan da suka riƙa jagorantar ayarin fatake zuwa Gwanja a ƙarni na 19, wannan ji na jiki sana'a ce da ake koyo, mai matakai da sharuɗɗa, wadda kuma take da iyakar da ba ta iya wucewa.

An tsayar da nazarin a kan ƙasar da a yau ake kira Jihar Neja saboda dalilai biyu. Na farko, ta cikinta ɗaya daga cikin manyan hanyoyin Gwanja ta ratsa. Na biyu, a garin Minna ne layukan jirgin ƙasa biyu suka haɗu a farkon ƙarni na 20, haɗuwar da ta taimaka wajen kashe tsohuwar hanya, ta kuma zama jarrabawa ga duk wata ƙwarewa da aka gada daga gare ta.

2.0 Ma'anar Tsinkaye

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a bambanta wasu kalmomi da akan cakuɗa. Zato shi ne ɗaukar abu ba tare da madogara ba, shi ya sa ma Hausawa suka ce zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Kintace da kirdado kuwa auna abu ne da ka, wanda yana iya dacewa yana iya kaucewa. Ilhami abu ne da ake jefawa a zuciya, ba da aikin mai shi ba. Abin da wannan maƙala take nufi da tsinkaye ya sha bamban da waɗannan duka: shi ne saurin gane inda al'amari ya dosa daga ƙananan alamomi waɗanda mutum ya daɗe yana gani, har ya kai ga gane su kafin ya san ya gane su. Shi ne abin da karin magana take nufi da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Malaman Musulunci sun daɗe da tattauna makamancin wannan a ƙarƙashin sunan firasa. Fakhruddin al-Razi (ya rasu 1210) ya wallafa littafi sukutum a kanta. Ibn Ƙayyim al-Jauziyya (ya rasu 1350) ya kasa ta gida uku: wadda take zuwa ta hanyar imani, da wadda ake samu ta horar da kai, da wadda ake cirowa daga lura da halittar mutum da kamanninsa. Alƙali Iyas ibn Mu'awiya na Basra ya shahara da ita har ana buga misali da shi. Duk da haka, malaman fiƙihu irin su Alƙali Abubakar ibn al-Arabi na mazhabar Malikiyya (ya rasu 1148) sun tsaya a kan cewa ba a gina hukunci a kan firasa ita kaɗai, sai da shaida. Ke nan tun a wancan zamani an yarda da abubuwa biyu: cewa wani sashe na wannan basira ana samun sa ta horo, da kuma cewa tana bukatar abin da zai tsare ta daga ɓata. Waɗannan abubuwa biyu su ne za a gani a aikace a rayuwar madugai.

3.0 Hanyar Gwanja da Haɗurranta

Goron da ƙasar Hausa ta fi ci a ƙarni na 19 daga dazuzzukan ƙasar Asante yake fitowa, a Gana ta yau. Sarakunan Asante ba sa barin baƙi su shiga inda ake noman sa, saboda haka sai kasuwar Salga da ke ƙasar Gwanja ta zama mahaɗa. Tsakanin Kano da Salga akwai fiye da kilomita 1,000, kuma zuwa da dawowa yakan ci daga wata shida zuwa shekara guda. Fatake sukan tafi da kanwa da tufafi da fatu da busasshiyar albasa da dabbobi, su dawo da goro. Wajibi ne kuma a faɗa cewa bayi suna cikin wannan ciniki, wasu a matsayin 'yan dako, wasu a matsayin haja, domin Salga babbar kasuwar bayi ce a lokacin.

Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna cewa zuriyoyi uku ne suka mamaye wannan sana'a: Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu ya danganci ƙasar Buzaye suka zauna a karkarar Kano da Katsina, da kuma Kambarin Barebari waɗanda cibiyarsu take Gummi. Manyan hanyoyi biyu ake bi. Ta arewa takan bi ta Sakkwato da Jega, ta ƙetare Kwara a wajajen Ilo ko Gaya. Ta kudu takan bi ta Zariya da Birnin Gwari, ta ratsa ƙasar Kamuku da Kambari, ta ƙetare Kwara a yankin Yawuri ko Busa, ta shiga Bargu. Daga nan sai Nikki da Jugu a Jamhuriyar Benin ta yau, sannan Sansanin Mango ko Yandi, har Salga.

Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, ya bi wani sashe na hanyar kudu a 1826. A Kayama ya tarar da ayarin Hausawa da ya fito daga Gwanja, wanda ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, da dabbobi kimanin yawansu. Ya wuce ta Wawa da Busa, ya ƙetare Kwara, ya sauka a Kulfo, wadda a lokacin babbar kasuwa ce ta fatake, ya kuma tarar da ƙasar Nufe tana cikin yaƙin basasa tsakanin Majiya da Idirisu. Tsohuwar Busa ɗin da ya gani tana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji tun 1968.

Wannan yanki bai samu kwanciyar hankali ba a tsawon ƙarnin. Bayan da Umaru Nagwamatse ya sami sarautar Sarkin Sudan a 1859 ya kafa Kwantagora, hare-harensa da na ɗansa Ibrahim sun tarwatsa garuruwa masu yawa na Gwari da Kamuku da Kambari. Daga kudu ga mayaƙan Bida, daga gabas kuma ga na Abuja, wato Suleja ta yau, inda zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa sabuwar daula a 1828. A Bargu kuwa 'ya'yan sarauta sun yi ƙaurin suna wajen tare hanya. Bayan haɗarin mutum akwai na daji: ƙudan tsando mai kashe jakuna, da koguna masu cika ba zato, da ƙarancin abinci a zango.

Sai kuma haɗarin hajar kanta. Goro abu ne mai rai, ba ya son zafi, ba ya son bushewa, ba ya kuma son ruwa ya yi masa yawa. Akan naɗe shi da ganyen fita, a riƙa kwancewa lokaci-lokaci ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya shafi sauran. Kowace rana da ayari ya ƙara a hanya asara ce. Saboda haka madugu yana tsakanin abubuwa biyu masu karo da juna: in ya yi gaggawa ya afka wa maharan da bai tantance ba, in ya yi jinkiri goro ya lalace, ko wani ayarin ya riga shi shiga kasuwa farashi ya faɗi. Ba shi da taswira, ba shi da wayar tangaraho, kuma labarin da yake samu sau da yawa ya kwana goma a hanya, ko ya fito daga bakin wanda yake da wata manufa.

4.0 Yadda Madugu Yake Samun Tsinkaye

Ayari yana da tsarin shugabanci. Madugu shi ne mai yanke magana ta ƙarshe. Jagaba shi yake wucewa gaba ya duba hanya ya zaɓi masauki. Uban dawaki shi yake tattara kuɗin fito da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, ya kuma yi ciniki a kansu. Malamin ayari yana riƙe da rubutu da lissafi da addu'a, shi kuma ake tambaya ranar da ta dace a tashi. Idan aka dubi wannan tsari da kyau, za a ga abubuwa huɗu da suka mayar da shi makarantar koyon tsinkaye.

4.1 Daɗewa a Hanya Ɗaya

Ba a wayi gari mutum ya zama madugu ba. Yaro yakan fara ne da kora jaki da ɗaurin kaya da ɗebo ruwa da yankan ciyawa a bayan mahaifinsa ko ubangidansa. Sannu a hankali a ba shi ɗan jari, ya mallaki jakinsa, ya zama falke mai cin gashin kansa. Kafin a amince masa da ran mutum ɗari, ya riga ya taka hanyar nan sau da yawa, rani bayan rani. Amfanin wannan maimaici shi ne ya san yadda kowane wuri yake idan lafiya lau ne. Wanda ya san cewa a rafin gari kaza kullum da hantsi akan tarar da mata suna wanki, shi ne zai ji gabansa ya faɗi ranar da ya tarar da rafin shiru. Baƙo zai ga rafi ne kawai. Haka nan sawun dawakai masu yawa ba tare da sawun jakuna ba, ko gonar da aka bari ciyawa ta cinye a tsakiyar damina, ko hatsin da ya yi tsada a zangon da aka saba samun sa da araha, ko mai fito da ya riƙa jan ƙafa ba dalili. Ruwa ba ya tsami banza. Da yawa daga cikin waɗannan alamomi madugu ba zai iya lissafa su ba in an tambaye shi, abin da zai ce kawai shi ne ransa bai kwanta da wannan hanya ba. Amma wannan rashin kwanciyar rai tarin shekaru ne yake magana.

Labarin Madugu Muhamman Mai Gashin Baki misali ne da ya kai gare mu a rubuce. Ya shafe shekaru masu yawa yana fatauci, musamman a hanyar Adamawa, kafin ya yi wa Bajamushe Eduard Flegel jagora zuwa can a farkon shekarun 1880. A 1884 Flegel ya tafi da shi Jamus tare da Madugu Ɗan Tambari, kuma a 1885 ya buga abin da ya samo daga bakinsu. Abin lura a nan shi ne, Bature mai kamfas da agogo da takardun awo ya ga bai da makawa sai ya jingina da mutumin da kayan aikinsa su ne idonsa da abin da ya tara a kansa.

4.2 Sakamako Mai Saurin Bayyana

Abu na biyu shi ne, hanya ba ta ɓoye wa madugu kuskurensa. In ya ce a ƙetare kogi yau, kafin faɗuwar rana an san ko ya yi daidai. In ya ce wannan huhun goro zai kai Kano, ranar kwance shi za a gani. Mai sayen goro yakan ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta, ya ji nauyinta, ya dubi fatarta, ya faɗi ko za ta yi daushe ko ba za ta yi ba, kuma cikin 'yan watanni goron da kansa zai gaskata shi ko ya ƙaryata shi. Da haka ne ido yake gogewa har ya bambanta marsa da minu, ya kuma gane goron Laboji na ƙasar Nufe, wanda sarakuna suke ji da shi, daga na Gwanja. Hukuncin kuskure ma a bayyane yake: fatake su suke zaɓen ayarin da za su bi, kuma madugun da ya jefa mutane cikin asara ba zai ga mabiya ba a shekara mai zuwa.

4.3 Hirar Zango

Rayuwar mutum ɗaya ba ta isa ya ga kowane irin haɗari da idonsa ba. Wannan giɓi hirar zango ce take cike shi. A duk inda ayari mai tafiya ya haɗu da mai dawowa, ko a gidan fatoma inda baƙi suke sauka, akan baje labari: wane sarki ya mutu, wa ya gaje shi, ina aka ƙara kuɗin fito, yaya aka yi ayarin wane ya faɗa hannun mahara, me aka gani kafin abin ya faru wanda ba a kula da shi ba. Yaron da yake gefe yana ba jaki harawa yana saurare, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ta wannan hanya kuskuren mutum ɗaya yakan zama darasin mutum ɗari.

4.4 Shawara

Abu na huɗu shi ne takunkumin da tsarin ya sa wa madugu. Jin jikinsa ba ya zama umurni sai ya gamu da abin da jagaba ya gano a gaba, da abin da uban dawaki ya ji a fada, da lissafin guzurin da ya rage, da ra'ayin manyan fataken da dukiyarsu take cikin ayarin. Tsinkaye yakan nuna inda za a duba, bincike kuma ya tabbatar ko ya rushe. Wannan shi ne a aikace abin da malaman fiƙihu suka faɗa game da firasa da shaida.

5.0 Lokacin da Sabo Ya Zama Turke

Duk wannan ƙwarewa an gina ta ne a kan sharaɗi ɗaya, wato gobe za ta yi kama da jiya. A watan Fabrairu na 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumashi suka ƙone ta. Ƙasashen arewa da suke ƙarƙashin Asante, har da Gwanja, suka yi tawaye. Asante ta daina tura goro Salga, ciniki ya karkata zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 kuma yaƙin basasa ya ɓarke kan sarautar ƙasar, Salga ta watse, mazauna zangonta suka bazu. Cikin waɗanda suka koma Kete-Karaci har da Imam Umaru, malamin nan haifaffen Kano (1858–1934) wanda rubuce-rubucensa suke cikin muhimman madogaran tarihin Hausawan wannan yanki.

Abin da ya faru a Kumashi ba ya cikin irin alamomin da ake karantawa a bakin rafi ko a sawun doki. Musabbabinsa yana can gaɓar teku da Landan, inda idon madugu bai taɓa kaiwa ba. A irin wannan hali gogewar shekara talatin tana iya zama cikas, domin jiki zai ci gaba da ba mutum labarin duniyar da ta riga ta wuce. Hausawa ba su jahilci wannan ba, su ne suka ce sabo turken wawa.

6.0 Jirgin Ƙasa, Minna da Gyaɗa

Babbar jarrabawa ta zo ne da Turawan mulkin mallaka. Kwantagora da Bida sun faɗi a 1901, Kano da Sakkwato a 1903. A 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, aka amince da shimfiɗa layin dogo daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano. Layin ya bi ta gindin duwatsun da Gwarawan Minna suke zaune a kai, ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Ba da daɗewa ba layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗu da shi a Minna. Da haka wurin da bai kai Kuta ko Paiko suna ba a da ya zama mahaɗa, leburori da 'yan kwangila da 'yan kasuwa, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da sauransu, suka kafa unguwanni a gefen tasha. Tsofaffin unguwanni irin su Limawa da Kwangila shaida ne na wannan zamani. Garin ya ci gaba da bunƙasa har ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976.

Ga fataucin goro, ma'anar wannan a fili take. Goron da jirgin ruwa ya kawo Ikko daga gaɓar Gana yana iya ratsa Minna ya isa Kano cikin kwanaki, maimakon watanni. Sanin mashigin kogi da halin sarakunan Bargu ya rasa kasuwa. Sai dai ba duk abin da madugai suka tara ne ya mutu ba, kuma tarihin gyaɗa ya nuna haka.

Turawa sun shimfiɗa layin ne da tsammanin auduga. Ƙungiyar masu masaƙun Ingila mai haɓaka noman auduga, wadda aka kafa a Manchesta a 1902, ta ɗauka cewa ƙasar Kano za ta ciyar da masaƙun Lankasha. Lissafinsu a takarda ya yi kyau, amma bai san ƙasa ba. Masaƙan gida na Kano suna sayen auduga da farashin da ya fi wanda Turawa suka yanka. A daidai lokacin kuma masana'antun man shafa wa burodi a Turai suna neman man gyaɗa ido rufe. Kamar yadda Jan Hogendorn ya nuna a bincikensa na 1978, kamfanonin Turawa sun ba manyan fatake na Kano kuɗi da kaya, su kuma suka baza yaransu ƙauyuka suna shaida wa manoma cewa za a sayi gyaɗa. Manomi ya auna da abin da ya sani: gyaɗa ba ta gajiyar da ƙasa, ana shuka ta tare da hatsi, harawarta abincin dabba ce, in kuma kasuwa ta ƙi ana iya cin ta, alhali ba a cin auduga. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ta haura tan 19,000, har ta fi ƙarfin taragun jirgin. Kusan dukkanta ta Minna ta wuce.

Waɗanda suka jagoranci wannan juyi, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata, mutanen tsohon fatauci ne. Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ɗan madugu ne, ya kuma san hanyar Gwanja tun yana saurayi. Yana cikin na farko da suka gane cewa teku ta fi jaki, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko tun kafin dogo ya isa Kano. A 1918 ya zama mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa, a 1929 kuma ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin bankin da aka buɗe a Kano. Ya rasu a 1955.

Idan aka tambaya me ya tsallako daga tsohuwar hanya zuwa sabuwa, amsar ita ce sanin mutane da sanin kasuwa: gane wanda za a ba bashi ya dawo da shi, gane lokacin da farashi yake shirin juyawa, da sanin abin da manomi zai yarda da shi. Halin ɗan Adam bai canza ba don an shimfiɗa dogo, saboda haka tsinkayen da ya shafe shi ya ci gaba da aiki. Wanda ya shafi daji da mashigi kuwa ya tafi tare da hanyarsa. Gwanintar su Ɗantata ita ce rarrabe waɗannan biyu. Duk da haka, ko su ba su hango komai ba. Damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, kuma babu gogewar kasuwa da ta isa ta faɗi abin da sama za ta yi.

7.0 Abin da Binciken Zamani Ya Ƙara

Masana halayyar ɗan Adam a Turai da Amurka sun iso kusa da wannan matsaya ta wata hanya dabam. Adriaan de Groot a 1946, sannan William Chase da Herbert Simon a 1973, sun nuna cewa gwanayen wasan shaɗaranji ba su fi sauran mutane ƙarfin ƙwaƙwalwa ba, abin da suka fi su shi ne ɗimbin fasalolin wasa da suka haddace saboda daɗewa, har sukan gane matsayi da kallo ɗaya. Gary Klein ya yi nazarin shugabannin 'yan kwana-kwana a shekarun 1980. A littafinsa na 1998 ya kawo labarin wani da ya fitar da mutanensa daga gidan da yake ci da wuta bai san dalili ba, jim kaɗan daɓen ya rufta. Daga baya aka gane cewa wutar a ƙarƙashin ƙasa take, kuma abin da ya dame shi shi ne zafin ya yi yawa alhali ƙarar wutar ta yi kaɗan. Wannan da rafin da ya yi shiru duk abu ɗaya ne.

A 2009 Klein da Daniel Kahneman, wanda ya shahara da bayyana kura-kuran da zuciya take jefa mutum a ciki, suka fitar da maƙala ta haɗin gwiwa. Sun daidaita a kan cewa ana iya dogara da tsinkaye in sharuɗɗa biyu sun cika: fagen ya kasance mai tsari wanda alamominsa suke maimaituwa, kuma mutum ya sami damar daɗewa a cikinsa yana ganin sakamakon hukuncinsa. Sun kuma yi gargaɗi cewa ƙarfin yadda mutum yake jin yana da gaskiya ba hujja ba ne cewa yana da ita. Hanyar Gwanja kafin 1874 ta cika sharuɗɗan nan biyu. Abin da tsarin ayari ya ƙara a kai shi ne hirar zango da shawara, wato ya ɗauki tsinkaye a matsayin dukiyar jama'a wadda ake tarawa tare, ake kuma tacewa tare.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa abin da madugu yake kira jin jiki yana da asali da ake iya bin sawunsa: daɗewa a fage ɗaya, ganin sakamako, sauraren abin da ya sami wasu, da miƙa abin da zuciya ta raya ga bincike da shawara. Ta kuma nuna cewa yana rushewa idan fagen ya canza, kamar yadda aka gani a Salga da kuma bayan haɗuwar dogo a Minna.

Batun bai zama tarihi zalla ba. Dillalin doya a Paiko ko Gwada da yake ɗaga ƙwarya ɗaya ya faɗi ko za ta kai bazara, da mai sayen shanu a Mariga da yake shafa bayan sa ya faɗi abin da zai yi a mahauta, duk ta hanyar da aka bayyana suka koya. Ƙasar da Clapperton ya ratsa ma ta sake ɗanɗana tashin hankali, kamar yadda sace ɗalibai a Kagara da Tegina a 2021 ya nuna, kuma direban da ya taka burki don ya daɗe bai ga mota ta taho daga gaba ba aikin jagaba yake yi. A ɗaya ɓangaren, dubban mutanen da kuɗinsu ya maƙale a tsarin MMM a watan Disamba na 2016 su ma jikinsu ya ba su, sai dai a fagen da ba su daɗe a ciki ba, wanda kuma aka shirya sakamakonsa na farko musamman don ya yaudare su.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai yanke shawara, ko ɗan kasuwa ne ko malami ko ma'aikacin hukuma, ita ce: sau nawa ya taɓa ganin irin wannan al'amari, kuma a cikinsu sau nawa ya koma ya duba ko hukuncinsa ya yi daidai? In amsar tana da yawa, to ya saurari jikinsa, sannan ya tura jagaba ya dubo. In kuwa kaɗan ce, matambayi ba ya ɓata. Akwai kuma aiki a gaban masu nazarin Hausa: kalmomin da dillalai da mahauta da masu goro da direbobi suke amfani da su wajen bayyana abin da idonsu yake gani suna nan a bakin dattawan kasuwannin Minna da Bida da Kwantagora, kuma ya kamata a tattara su tun masu su suna raye.